Baƙin Allon Amai Shawa

Yatsanta yana saukowa a hankali a kan madannin kwamfuta, j, j, j, kowace dannawa tana ɗauke sandar haske daga kan wata wasiƙa ta aza ta a kan ta ƙasa da ita. Shayin da ke gefen hagunta har ya yi fata. Wasiƙu goma sha tara ne suke jira a akwatin imel na tashar, ga su nan a jere kamar kaji a kan sanda: lamba, kwanan wata, sunan mai aikowa, da abin da ke tafe da shi. Babu hoto, babu launi. Fararen haruffa ne kawai a kan baƙin allo, sai ɗan ɗigon nan da ke ƙiftawa a kusurwa.

Amai Shawa ba ta karanta wasiƙa da zuwanta. Sai ta fara danna h. Nan take wasiƙar za ta tuɓe, duk layukan da aka ɓoye a samanta su zubo: na'urar da ta taso, waɗanda ta ratsa, ƙarfe nawa ta sauka a kowace, wa ya miƙa wa wa. Ita sawu take kiran wannan. Daga ƙasa take karanta shi zuwa sama, yadda mai neman ɓatacciyar akuya yake farawa daga turke. Sai sawun ya gamsar da ita, sannan ta saurari abin da baƙon ya zo faɗa.

Ta uku wai daga wani farfesa ne a Turai, yana gayyatar tashar zuwa taro. Sawunsa bai ko leƙa Turai ba. Ta danna d, ta wuce.

Shekara talatin da uku ke nan tana sakatariya a tashar binciken iri da ke bayan garin Serenje. Esnart ne sunanta na yanka, amma rabon da a kira ta da shi an daɗe; Amai ake ce mata, wato uwa a harshen mutanenta. 'Yar garin Katete ce, can Gabas, 'yar wani tela, ta koyi buga tafireta a Kabwe a wurin wata malama mai dukan yatsu da rula. Da aka kawo kwamfuta ta farko tashar, wani siririn injiniya daga Lusaka ya zauna da ita kwana uku, ya nuna mata yadda ake karɓar saƙon imel da madannai kaɗai, a lokacin da layin waya ba ya buɗewa sai sau biyu a rana. Tun daga nan duniya ta yi gaba. Matasan tashar da waya suke komai, suna shafa gilashi kamar masu lallashin jariri. Sau huɗu ana canza mata kwamfuta, sau huɗu tana tsayawa a kan mai haɗawa sai ya mayar mata da baƙin allonta. Takan ce allon nan ba ya mata kwalliya. Abin da aka aiko shi yake nuna mata, ba abin da ake so ta gani ba.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Shekarar da mijinta ya rasu, kwana tara da binne shi, 'yan'uwansa suka zo da takarda bugaggiya, wai ya bar musu gida da keken ɗinki da duk abin da ke ciki. Ta karɓa ta duba. Ko'ina a takardar cikin harafin e a toshe yake da tawada, kuma ta san tafiretar da ke yin haka, tana ofishin babban wansa. Ta faɗa a gaban kowa. Ba wanda ya ji ta. Har tukwane suka kwashe. Tun daga ranar, duk takardar da ta zo gabanta sai ta tambaye ta inda ta kwana.

A ta goma sha huɗu yatsanta ya tsaya.

Daga Darakta ce, Dakta Situmbeko. Gajeriya ce. A ba wani Mista Lombe iri mai lamba 417, gaba ɗayansa, yau kafin ƙarfe goma sha biyu. Za a cike sauran takardu idan ya dawo daga tafiya.

Gaba ɗayansa. Ta sake karanta kalmomin nan biyu. A tashar nan ba a taɓa ba wani iri gaba ɗaya ba. Cokali ake ɗiba, a auna, a rubuta, a mayar da saura cikin sanyi. Kuma 417 ba kowane iri ba ne, wata tsohuwar tamba ce mai jan kai wadda aka ce babu sauranta ko'ina sai wannan ƙunshi guda da bai cika tafin hannu biyu ba. Kwaɗo biyu ne a ƙofar ɗakin sanyi. Makullin ɗaya yana wurin Chisanga, mai kula da ɗakin. Na biyun yana rataye a wuyanta, hatimin da ake bugawa a takardar fitar da iri kuma yana cikin jakarta.

Ta koma kan sawun. Sunan Darakta ne a sama, adireshinsa ne, ba harafi ɗaya da ya karkace. Amma ba ita aka fara aiko wa ba. Wasiƙar ta sauka a na'urar Chisanga, daga can aka sake cillo ta, ƙarfe bakwai saura minti takwas na safiyar nan.

Ƙofa ta yi ƙara.

"Amai mai cin ɓera, an tashi lafiya?"

"Rufe mini ƙofa, ɓarawo, kada in waiga in ga ka saɓa ta a kafaɗa."

Chisanga ne, dogo, kansa fari fat, da tsohuwar rigar sanyin da yake sawa ko ana zafi, saboda yawan shiga firji. Ya ajiye ƙunshin jarida a kan teburinta, gasasshen rogo ne da gyaɗa.

"Na so in kawo miki naman gidanku," ya ce, "amma kyanwar sito ta riga ni."

"Kai birin naka fa? Ko ka cinye shi tun a hanya, har da jela?"

Ita mutumiyar Gabas ce, shi ɗan ƙabilar Bemba, kuma tsakanin mutanensu wasa ne tun kakanni, ko a wurin makoki ba sa bari: ana zolayar nata da cin ɓera, nasa da cin biri da sata. Shekara ashirin da shida tana ce masa ɓarawo kowace safiya, yana dariya. Shi ne ya baza a tashar cewa dalilin da ya sa take kulle ɓeran kwamfutarta a durowa, tanadinsa take yi don ranar da miya ta ƙare. Shi kaɗai ne kuma, bayan ita, yake aiki da baƙin allo. Ita ta koya masa.

Ta karya rogo, ba ta kai baki ba.

"Wasiƙar Darakta ta biyo ta wurinka."

"E. Ni ya aiko wa, da asuba. Na tura miki."

"Ba ka sa sunanka ba."

Hanya biyu ce ta tura wasiƙar wani a allon nan. Idan ka danna f, kamar ka sa ta a ambulan ɗinka ne, ka rubuta sunanka a baya. Idan ka danna b, sai ta wuce yadda ta zo, da sunan mai ita, kamar ƙwallon da ta bugi bango. Sai mai karanta sawu ne zai san ta taɓa hannunka.

"Haba, Amai, ke fa kika koya mini. Kika ce wasiƙar shugaba kada in sa mata hannu, in danna b ta wuce."

Gaskiya ne. Ita ta ce.

"Wane ne Lombe?"

"Wani ne daga wajen Mpika. Mutumin coci, in ji su."

"In ji su wa?"

"Kai, mutanen Gabas! Da ke aka sa gadin ƙofar sama, mala'iku ma sai sun nuna kati."

"Gaba ɗaya fa ya ce."

"Na gani. Ni da ke, wa zai ja da Dakta?" Ya ce haka yana kallon kalandar bango. "Zan dawo sha ɗaya, ki buga mana hatimi."

Ya fita. Bai ɗebi gyaɗa ba. A shekara ashirin da shida bai taɓa kawo mata gyaɗa ya fita bai saci rabi ba.

Ta ɗauki wayar ofis ta kira Darakta. A kashe. Ta san a kashe za ta same ta, domin ita ta shirya masa tikiti: yana cikin jirgi zuwa wani taro a ƙetare, ba zai sauka ba sai rana ta faɗi. Umarnin da ya zo daidai ranar da ba za a iya tambayar mai shi ba. Ta rubuta masa layi ɗaya duk da haka, ta aika, ta san zai kwanta a akwatinsa kamar dutse a rijiya.

A waje damina ta kankama. Ruwan jiya yana ɗiga daga ganyen bishiyar mutondo, ƙasa ta yi ja tana tururi, kuma daga nesa ana jin ma'aikata suna waƙa a gonar gwaji. Tsakiyar Disamba ce, lokacin ruwa a ƙasar nan, makon da mutanen arewacinta ke watsa tamba a tokar rassan da suka ƙona a gona tun bazara. Ta lura da haka, ta ajiye shi a gefe guda na zuciyarta.

Wani abu kuma ya taso daga ɗaya gefen. Watan jiya, ranar kasuwa, ta hango Chisanga a rumfar mai tuwon nshima da ke bakin titi, shi da wani mai farar mota da agogon zinare, suna cin kifi. Irin waɗannan mutane sun yawaita tun da ruwa ya fara yaudara. Kamfanonin iri ne ke turo su, suna neman tsoffin hatsin da ba sa tsoron fari, su tafi da su, bayan shekara uku su dawo da su cikin leda mai tambari, a sayar wa jikokin waɗanda suka raine su. Ranar ta wuce abinta. Mutum yana da ikon cin kifi da wanda ya so.

Ta sake buɗe wasiƙar. Sawu ba zai ƙara gaya mata komai ba. Abin da Chisanga ya faɗa ya yi daidai da shi, layi da layi. Amma wani abu a jikin wasiƙar yana mata ƙaiƙayi a ido, kamar hoton da aka rataye a karkace. Ta ce wa allon ya ɓoye kowa, ya nuna mata wasiƙun Darakta kaɗai. Suka zubo, ɗari shida da wani abu, na shekara uku. Ta buɗe ta jiya. Ta buɗe ta makon jiya. Ta buɗe wata ta bara.

Dakta Situmbeko da babban yatsa yake rubutu, a waya, yana tafiya. Maganarsa takan zo ne a layi ɗaya dogo kamar igiyar shanya, ta kai ƙarshen allo ba ta tsaya ba, sai allon ya karya ta inda ya ga dama, ya sa ɗan gicciye a farkon guntun don a san shi ya karya. Duk wasiƙunsa haka suke, cike da ƙananan gicciye a gefen hagu kamar maƙabarta.

Ta yau ba ta da ko ɗaya. Layukanta a tsaye suke, kai ɗaya, kamar kunyoyin da aka ja wa igiya.

Ta ɗauki fensir, ta ɗora tsininsa a kan gilashi, ta fara ƙirga. Layin farko, haruffa saba'in da ɗaya. Na biyu, sittin da tara. Na uku, saba'in da biyu cif. Babu wanda ya wuce nan.

Siririn injiniyan nan ne ya gaya mata, tun tana matashiyar bazawara mai goyo. Faɗin allo haruffa tamanin ne, ya ce, amma kada ki cika shi. Ki tsaya a saba'in da biyu, ki bar takwas ga masu amsa miki, domin duk wanda ya ɗauko maganarki zai ƙara mata alama a gaba, kada ta zube. Ya saita mata abin rubutun yadda zai karya layi da kansa. Bayan shekara biyu ita ma ta zauna a kan kujerar Chisanga, ruwa yana dukan kwano har ba sa jin juna, ta saita masa nasa. Tun daga nan bai sake tunawa da shi ba. Wanda ya saba da abu ba ya ganinsa.

A duk tashar, watakila a duk gundumar, mutum biyu ne kawai ke rubuta layi irin wannan. Ɗayansu tana riƙe da fensir.

Ta san yadda aka yi, domin shi ma ita ta nuna masa, wata rana da suke gyara wasiƙar da ta lalace: ka ɗauko tsohuwa ta gaske, ka buɗe cikinta, ka share abin da ta ce, ka rubuta naka, ka gyara kwanan wata, sannan ka danna b.

Aka ɗauke wuta ƙarfe goma kamar kullum, fankar sama ta yi juyi biyu ta mutu, baturin da ke ƙarƙashin tebur ya yi ƙara ya riƙe allon. Ta kasa kunne ko za ta ji janaretan ɗakin sanyi ya tashi. Bai tashi ba.

Sha ɗaya da minti biyar ya shigo da takardar fitar da iri a hannu, ya riga ya cike ta.

"Amai, buga mana, kafin ɓerayen Katete su zo su cinye takardar."

Ta juya masa allon. Ta miƙa masa fensir.

"Ƙirga."

"In ƙirga me?"

"Layi na uku. Ƙirga, Mista Chisanga."

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba. Ba ta ce ɓarawo ba, kuma rashin faɗar ne ya sa ya ja kujera ya zauna. Ya ɗora fensirin a gilashi. Ya kai wajen arba'in, leɓɓansa suna motsi, sannan ya ajiye shi a hankali a kan tebur kamar abin da zai fashe.

"Saba'in da biyu," ya ce.

"Wayar Darakta ta yi makarantar tafireta ne ban sani ba?"

Ya cire tabarau ya goge da rigar sanyi.

"Nawa mai farar mota ya ba ka?"

"Amai!"

"Na gan ku. Kifi babba, har da lemo."

"Ya nema, ban musa ba. Ya ce zai rufa mini gida da sabon kwano. Na ce ya je ya ga Darakta. Na ci kifinsa na tashi."

"Haka ka ce."

"Haka aka yi."

"Haka ka ce."

Da ya fara magana, muryarsa ta sauka, ta zama ta wani mutum da ba ta cika sani ba.

Shi ya ɗauko tambar, ya ce, shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, a wani ƙauye ƙarƙashin tsaunukan Muchinga. Wata tsohuwa ce, Bana Kasuba, ta zuba masa ita daga ƙwarya, ta riƙe wuyan hannunsa ta ce ajiya ce ba kyauta ba, ranar da tasu ta ɓace ya mayar. Ya yi dariya ya ce to. Tsohuwar ta mutu. Mutanen ƙauyen suka koma masara, masara ta yi musu shekara biyu a jere ba ta ba da komai ba, suka waiga neman tamba, babu ko a rumbun mutum ɗaya. Lombe jikanta ne, mai koyar da katikisma, wato darussan addini a coci. Shekara uku yana zuwa tashar a kan ajiyar kakarsa, ana ce masa ya dawo.

"Kuma tana mutuwa, Amai. Da farko in na jiƙa ƙwaya ɗari, tamanin ke tsira. Daga baya arba'in. A watan Satumba sha ɗaya suka tsira. Sha ɗaya! Kina jin janareta yanzu? Rabin yini firjin nan a kashe yake, ina shiga ina jin ɗumi a fuskata. Baɗi babu abin da zai rage sai ƙura mai lamba. Shi ya sa na ce gaba ɗaya. Cokali ɗaya ba zai yi gona ba. Sau shida ina rubutawa, darakta uku, kowa sai ya ce za a kafa kwamiti. Biyu daga ciki ke kika gyara mini Turancinsu."

Ta juyo da allon, ta sa shi ya nemo mata duk inda aka ambaci 417. Suka fito, shida, da kwanakinsu, da amsoshinsu gajeru. Ta danna h a kan kowace. Sawunsu lafiya lau. Amma gaskiyar wasiƙa shida ba ta wanke ta bakwai ba. Mutumin da ya san irin yana mutuwa zai iya ba jikan tsohuwa, zai kuma iya cewa tunda mutuwa zai yi, gara ya zama kwanon rufi. Labarin Bana Kasuba ba shi da sawu. Babu madannin da za ta danna ya tuɓe.

"Me ya hana ka zo ka gaya mini?"

"Da kin ce a'a."

"Da na ce a'a."

"To. Kuma in abin ya fashe, na so a ce ruɗar ki aka yi. Kin ga umarnin shugaba, kin bi. Saura miki wata goma sha ɗaya ki yi ritaya, Amai. Ban so a taɓa ki ba."

Ta dube shi. Ta rasa ko alheri ne wannan ko zagi.

"Wato ka zaci ba zan gani ba."

"Na yi addu'a kada ki gani."

"Ni na saita maka layin nan. Da hannuna. Ka ɗauki wuƙar da na wasa maka ka zo ka gwada ta a kaina, wai don kada a taɓa ni."

"Amai, ki yi haƙuri."

"Kada ka ce mini Amai yanzu."

Ƙarar mota ta shigo ta taga. Ta tashi ta buɗe gilashi ɗaya. Wata tsohuwar akori-kura ce, laka har ƙofofi, da sunan wata coci a jiki wanda rana ta cinye rabinsa. Wani mutum ya fito, gajere, da takalmin roba da kwat ɗin da ta fi shi girma, yana rungume da gwangwanin madara kamar mai ɗauke da jariri zuwa baftisma. Ya tsaya a ƙarƙashin mutondo, ya cire hula, yana duban ƙofofi bai san wadda zai nufa ba.

Kwat da takalmin roba kowa na iya ara. Motar coci ma ana haya.

Ta koma ta zauna. Abu uku ne a gabanta, ta jera su a ranta yadda allon ke jera wasiƙu. Ta tura wa Darakta wannan takarda da sawunta, a kori Chisanga kafin Kirsimeti, tambar ta ƙarasa mutuwa a cikin firji da duk takardunta daidai. Ko ta buga hatimi ta yi kamar ba ta gani ba, ta zama abin da aka zace ta. Na ukun ba ta son sa ko kaɗan. Shi kaɗai ne dai ba ya buƙatar ta yarda da maganar kowa.

Ta sa sandar haske a kan wasiƙar ƙaryar, ta danna s, ta adana ta a wani akwati na daban.

"Ban goge ba," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ban kuma aika ba. Ranar da na ga jar tambar nan a leda mai tambari, Dakta zai karanta ta tun daga sawu, ni zan riƙe masa fensir."

Ta danna m. Sabon shafi ya buɗe, fanko. Yatsunta goma suka sauka a kan madannai kamar ruwan farko a kwano, irin bugun Kabwe, ba ta kallon hannu. Ta rubuta wa Darakta cewa ita, Esnart Shawa, yau ta buɗe kwaɗonta ba da umarnin kowa ba, ta fitar da kashi uku cikin huɗu na iri 417 don a shuka shi a ƙauyen da ya fito. Cewa ƙwaya sha ɗaya ce kawai ke tsira cikin ɗari, kuma ga wasiƙu shida da suka faɗi haka. Cewa kashi ɗaya yana nan a firji. Cewa duk hukuncin da ya ga dama ya same ta ranar Litinin a teburinta. Chisanga ya taso yana karantawa ta bayan kafaɗarta.

"Za su kore ki."

"Watakila."

"Sa sunana, ki cire naki. Don Allah."

"Sunanka ya gama aiki yau. Matsa, kana tare mini haske."

Ta danna y. Layin ƙasa ya ce an aika.

Ta yage takardar da ya cike, ta ciro sabuwa, ta rubuta nauyin da hannunta, ta hura hatimi ta buga. Ta naɗe ta ta sa a jaka. Ta ciro zanen chitenge daga durowa ta ɗaura a kan siket, ta cire takalmin ofis ta zura na roba da take ajiyewa don ranar laka. Sannan ta ɗauki laima.

"Ina za ki da laima? Ɗakin sanyi taku ashirin ne."

"Ƙauyen za ni."

"Amai, awa biyar ne! Hanyar ma ruwa ya cinye rabinta. A ina za ki kwana?"

"A gidan jikan Bana Kasuba, in har tana da jika. Gwangwanin a cinyata zai zauna. Sai na ga tokar da ido, sai na ga hannun da ya watsa ta, sai ƙwayar ƙarshe ta taɓa ƙasa, sannan in yarda akwai ƙauye."

"Ba ki yarda da ni ba har yanzu."

"A'a."

Ya koma kan kujera ya sunkuyar da kai. Ya laluba aljihu ya ciro makullinsa, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Kwaɗonka ne, kai za ka buɗe. Kai za ka auna, ni in duba ma'auni. In hannunka ya yi rawa, a sake." Ta zaro igiyar makullinta daga wuya ta naɗe a yatsu. "Ka taso. Mutum yana tsaye yana jira."

Yana zaune yana juya makullin a hannu. Ita kuwa ba ta jira shi ba. Ta rataya jaka, ta zagaye kujerarsa ba tare da zanenta ya taɓa shi ba, ta ja ƙofa ta fita.